Yadda Bagudu Ya So Ya Ja Gari Zuwa Ƙetare

Ku zauna ku naɗe ƙafa. Kai mai cin farce, cire hannu daga baki. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani yanki ne ana ce masa Gefen Rafi, can a wutsiyar ƙasar Tudu. Da ka tsallake rafin, ka shiga ƙasar Kwari. Mai garinsu Bagudu, matarsa Tabawa mai daddawa. Tabawa tana da itatuwan ɗorawa a bayan gari, gadon uwarta. Kalwarsu take dafawa, kuma duk tukunyar miyar da ke yankin da daddawarta take ƙamshi.

Ran nan Sarkin Tudu ya tara masu gari. Sai aka shimfiɗa wa Bagudu tabarma a bakin ƙofa, kusa da takalma. Sai ya dawo gida yana huci.

Ya ce, "Tabawa, mun bar ƙasar Tudu. Kwari za mu koma, da mu da gonakinmu."

Ta ce, "Maigida, ɗorawata fa?"

Ya ce, "Ana maganar ƙasa, kina maganar miya?"

Sai aka buga ganga, maza suka taru. To, yaya ake ɗauke gari? Ba wanda ya taɓa gani. Sai suka tuƙa igiyar rama, suka ɗaura a gindin kukar tsakiyar gari, suka tsallaka rafi suna ja. Sai igiya ta tsinke, duk suka zube cikin laka.

Bagudu ya miƙe yana tofar da taɓo, ya ce, "Ya motsa?"

Suka ce, "Ranka ya daɗe, kamar ya ɗan motsa."

Tabawa ta leƙa ɗorawarta, ta gan ta inda take. Sai ta koma dakanta.

Da gari ya waye sai suka ce a tuƙa garin kamar kwalekwale. Kowa ya ɗauko gwangwala, ya tsaya a ƙofar gidansa yana tokarar ƙasa. Sai gwangwalar Bagudu ta karye, ya faɗa cikin akurkin kaji.

Ya fito da gashin kaza a gemu, ya ce, "Ya motsa?"

Suka ce, "Wannan karon har jiri muka ji."

Tabawa ta leƙa ɗorawarta, ta yi tsaki, ta koma dakanta.

Sai Bagudu ya ce tunda gari ya ƙi zuwa wurin iyaka, a kawo iyaka wurin gari. Aka kwashe tokar kowane murhu, aka zuba ta ta zagaye bayan gidaje. Ya ce, "Daga tokar nan zuwa rafi, Kwari ne. Wanda ya tsallake ta ya shiga ƙasar abokan gaba."

Wannan karon da Tabawa ta leƙa, sai ta ga abin ya canza. Ga toka, ga ɗorawa can bayan toka.

Ba ta yi kuka ba, kuka ba ya dafa kalwa. Sai ta ɗauki tukunyarta da turminta, ta tsallake toka, ta kafa murhu a gindin ɗorawa. Ta ce, "Ni 'yar Tudu ce. Baƙi kuwa ba na ba su daddawa."

Sai miya ta koma ruwan zafi mai yauƙi. Maza suka riƙa jeruwa a bakin toka da malmalar tuwo a hannu, suna ci suna shaƙar ƙamshi.

Bagudu ya matso ya ce, "Tabawa, ko ɗan ɓari."

Ta ce, "Wane ne wannan? Bawan Allah, je ka sarkinku ya ba ka."

Sai ya yi fushi, ya sa malafarsa, ya tafi yi wa Sarkin Kwari mubaya'a. Fadawa suka ce, "Maraba. Amma a nan sabon zuwa bayan kowa yake zama." Sai aka shimfiɗa masa buhu can waje, inda ake ɗaure jakuna. Daga nan sai ya yi ɗage yake hango takalma. Aka kawo tuwo, ya ɗanɗana, ya ce, "Ina daddawa?" Suka ce, "Wace ce ita? Tare kuka zo?" Kafin ya ba da amsa, jaki ya cinye masa malafa.

Sai ga shi ya dawo kai ba komai, ya tsaya bakin toka.

Ya ce, "Tabawa, ina tsintsiya?"

Ta miƙa masa, ta ce, "Ka share da kyau. Kuma kowa a mayar masa da tokarsa, mata za su yi sabulu."

Da hannunsa ya share iyakar. Sai ya tafi fadar Tudu ya faɗi gaban Sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun tuba, mun dawo."

Sarki ya ce, "Daga ina?"

Sai Sarki ya ce a ba shi tabarmarsa. Bagudu ya zauna kusa da takalma, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Kai, wurin nan akwai iska!"

Tabawa kuwa ranar ta yi miyar kuka da daddawa har maƙwabta suka aiko da kwano.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In fushi ya ce ku bar gida, ku fara tambayar abin da ake sa wa miya a inda za ku. Ku tashi, wani ya rufe min kaji.