Jan Biron Malam Abdulgafar

Akwai wani ma'aikacin jami'a, mutumin Daudawa ta ƙasar Faskari, ana ce da shi Malam Abdulgafar. Shekararsa ashirin da biyu a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Duk takardar da ta shafi ɗalibi, ta neman ɗaki ce ko ta ɗage jarrabawa, sai ta bi ta teburinsa. Ba ya latti, ba ya karɓar na goro. Aibinsa ɗaya ne, gani yake ya gama sanin ɗalibi ciki da bai.

Ɗansa na fari, Mas'ud, a jami'ar yake karatu, yana ajin ƙarshe. Amma Malam mutum ne mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da aka yaye yaron aka miƙa shi ga Lawwali, ƙanen Malam, can Daudawa. Da sunan Lawwali aka yi masa rajista, shi ke riƙe da takardunsa. Malam bai taɓa kiran sunan Mas'ud ba, sai dai ya ce “yaron nan”. In suka haɗu a hanya, yaron ya durƙusa, uban ya amsa yana kallon wani gefe.

A hutun da ya wuce, Mas'ud ya je biki Damari da abokinsa Nasir. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta. Nasir ya rasu, Mas'ud ko ƙwarzane bai yi ba. Malam ya yi sadaka, ya aika Lawwali ya yi wa yaron barka. A wajensa magana ta ƙare ke nan.

Da aka koma karatu, jami'a ta shirya bita ta kwana uku ga duk ma'aikacin da ke hulɗa da ɗalibai, tun daga manyan ofis har masu kula da ɗakunan kwana. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Dakta Hamida, ita aka gayyato.

Ranar farko ta ce musu, “Ɗan Bahaushe ko gidansu ke cin wuta, in ka tambaye shi, lafiya lau zai ce. Wannan gaisuwa ce. Kada ku tsaya a kanta. Ku zauna kusa da shi, ku sake tambaya, sannan ku yi shiru ku jira.”

Malam na can kujerar baya, ya tura hula gaba. Ya taɓa na kusa da shi ya ce, “Yanzu don Allah gaisuwa za a koya mani? Ran da na kama aikin nan, yarinyar nan ko firamare ba ta gama ba.”

Ya sa hannu a takardar halarta ya fice. Sauran kwana biyun ma sa hannun kawai ya zo yi.

A layin gaba kuwa akwai Yahuza, mutumin Pauwa ta ƙasar Ƙanƙara, mai kula da ginin kwanan maza. Bai wuce sakandare ba, furfura har ta fara masa. Da ragowar littafin makarantar 'yarsa ya zo, komi aka faɗa sai ya rubuta. Tun daga ranar Malam ya sa masa suna Farfesa.

Saura mako guda jarrabawa, Yahuza ya shigo ofis da fom. Irin sabon da aka fito da shi bayan bitar ne, lambar ɗalibi kawai ake rubutawa, ba suna, don kada a riƙa yawo da sirrin yara.

Ya ce, “Malam, wani yaro ne gare ni. Ya daina zuwa lakca, abinci sai an matsa masa, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai jikinsa ya ɗauki rawa. Na zauna da shi yadda aka koya mana, kwana huɗu kafin ya buɗe baki. Ba za ya iya jarrabawa haka ba. A ɗage masa, a haɗa shi da likita. Ran Alhamis ake rufe karɓa.”

“Ina takardar asibiti?”

“Babu, Malam. Ciwon ba na jiki ba ne.”

“Wane ne shi?”

“Ya haɗa ni da girman Allah kada in faɗi sunansa a ofishin nan. Amma ɗaki na sha huɗu ne, ba nisa. Da dai ka taka ka gan shi da idonka.”

Malam ya yi dariya. “Farfesa, kai yanzu ka fara. Duk shekara in jarrabawa ta matso sai ragwaye sun fito da sabon ciwo. In kowane rago zan taka in gani, wa za ya riƙe mani ofis?”

Yahuza ya dawo Talata, ya dawo Laraba. Ran Alhamis da safe Malam ya gaji da ganinsa. Ya jawo fom ɗin, ya zaro jan biro, ya rubuta “Ba a amince ba”, ya rattaba hannu, ya ce a kai wa mai shi.

Bayan kwana goma Lawwali ya kira shi.

“Yaya, yaronka fa yana nan Daudawa. An ce ya shiga jarrabawar farko, ya zauna bai rubuta komi ba, ya tashi ya nufo tasha. Ya ce shi da boko har abada. Na tsinci wata takarda a aljihunsa, bari in turo maka.”

Hoton ya shigo waya. Malam ya ga jan rubutunsa da sa hannunsa. Fom ɗin da Yahuza ya kawo ne.

Ranar ya taka zuwa ginin kwanan maza. Ya tarar da Yahuza bisa benci a bakin ƙofa.

“Mi ya hana ka faɗa mani ɗana ne?”

Yahuza ya miƙe tsaye don girmamawa. “Malam, sau uku na ce ka zo ka gani. Kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da ɗan wani ne fa?”

Malam ya ce, murya ƙasa ƙasa, “Littafin nan naka na bita, ara mani.”

Washegari ya kama hanyar Daudawa, yana karanta rubutun Yahuza a mota. Ya sami yaron a gonar audugar Lawwali, zaune gindin ɗorawa, fartanya a gefe. Mas'ud ya zabura zai durƙusa, Malam ya zauna ƙasa kusa da shi da farar rigarsa.

“Lafiya dai?”

“Lafiya lau, Baba.”

Saura kaɗan ya miƙe, don a nan ya saba tsayawa. Sai ya daure.

“Mas'ud.”

Yaron ya ɗago da sauri. Shekararsa ashirin da uku bai taɓa jin sunan a bakin nan ba.

“Ba gaishe ka nake ba. Tambayarka nake.”

Daga nan Malam ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har ya fara tunanin yarinyar nan mai bita ba ta san abin da take faɗa ba. Sannan Mas'ud ya fara magana. Ya ce a cinyarsa Nasir ya cika. Ya ce shi ya kamata ya zauna ta bakin taga, Nasir ya roƙe shi suka yi musanya. Ya ce in ya buɗe littafi fuskar Nasir yake gani. Har aka kira la'asar yana magana, uban bai katse shi ba.

Da ya gama, Malam ya ce, “Mi ya sa ba ka zo ofis ka same ni ba?”

Mas'ud ya sunkuyar da kai. “Na aiko, Baba. Amsa ta dawo. Na san rubutunka.”

Malam ya juya baya, ya goge ido da hannun riga.

Mas'ud ya ga likita, ya samu sauƙi, ya koma karatu. Amma shekarar ta tafi. 'Yan ajinsu suka wuce bautar ƙasa, shi yana maimaita aji, kuma kullum uban na ganinsa ta taga yana wucewa lakca da 'yan ajin da ke bayansa.

Da aka sake kiran bita, mai buɗe zaure ya tarar da Malam Abdulgafar tsaye bakin ƙofa da sabon littafi. A layin gaba ya zauna, kusa da Yahuza. Bai sake ce masa Farfesa ba.

Darasi: Daɗewa a aiki ba ta hana ka koyon sabon abu, kuma girman kai ba ya zaɓen wanda zai cutar. Duk takardar da ta zo teburinka, ɗan wani ne a bayanta, ka duba ta kamar naka ne. In yaro ya ce maka lafiya lau, zauna ka sake tambaya. Ku tura wa iyaye, malamai da duk mai riƙe da amanar 'ya'yan mutane.