Warin Kayan Kanti a Ɗakin Kulsumi

A garin Argungu, shekarar da aka samu mulkin kai, an yi wani mai bandar kifi ana ce masa Dankure. Mutum ne mai neman na kansa, ba shi da rowa, amma zargi ya yi masa katutu. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin me kake nufi. Ni dai ban taɓa ganin mai mugun zato irinsa ba.

Kifi ya yi kasuwa a shekarar. Dankure ya shiga kanti a Birnin Kebbi ya yi wa matarsa Kulsumi sayayya ta kece raini. Ya sayo gadon ƙarfe da fentinsa bai gama bushewa ba, da shimfiɗar roba mai zanen furanni, da akwatin atamfa da aka cusa wa kafur, har da maganin sauro na fesawa. Ya lulluɓe kayan da buhuna ya shigo da su, ya jibge a ɗakinta, ya toshe 'yar tagar da tsumma. Wai kada bakin mutane ya kama su.

To ita Kulsumi tun tana ƙarama ba ta shiri da wari mai ƙarfi. Ko kananzir ake zubawa a fitila sai ta fita waje. Ga ta kuma da tsohon ciki. Ba a jima ba ta fara ciwon kai, idanu na ruwa, ƙirji na kuka kamar na kyanwa.

Ta ce, "Maigida, warin kayanga na hana ni lumfashi."

Ya ce, "Kaya ka hana mutum lumfashi? Wani dai ya gani ya yi mana baki."

Goggo Laure, ƙanwar mahaifinsa, ta zo dubiya. Tana sa ƙafa a ɗakin ta toshe hanci.

Ta ce, "Kai Dankure, mi kaka jira? Hidda kayanga tsakar gida su sha rana da iska. A wanke robar da ruwan toka, a zubar da kahurin, a shanya atamhohi bisa igiya. Buɗe taga, ka aje gawayi cikin kasko shi tsotse sauran. Ita ko ta dawo ɗakina har warin shi hita."

Ya ce, "To, Goggo, na ji."

Ina ya ji! Tana fita ya hau saƙe-saƙe. Don me take so a baje kayansa kowa ya kalla? Don me take so a kai mata mai ciki ɗakinta? Ya gargaɗi Kulsumi kada ta ƙara cin komai daga hannun Goggo.

Ana haka Kulsumi ta je suna gidan iyayenta a Ambursa. Can ta yi barci lafiya, ta ci tuwon shinkafa har da ƙari. Tana dawowa ɗakinta ciwo ya ce salamu alaikum. Mai hankali ai nan zai gane. Shi kuwa gogan cewa ya yi, "Kin gani ko? Abu aka bizne muna cikin ɗakinga." Ya ɗaga robar ya tone ƙasa, bai samu ko allura ba, ya mayar ya shimfiɗa. Daga nan ya ɗora laifin a kan abokinsa Ladan, wanda ya taya shi sauke kayan, ya daina amsa masa sallama.

Wata rana da la'asar ya sayo turaren korar sammu. Ya fesa maganin sauro, ya zuba turaren a garwashi, ya ce Kulsumi ta zauna a ciki hayaƙin ya ratsa ta. Ya ja ƙyaure ya tsaya a bakin ƙofa. Ta yi tari, ta buga ƙofa, ta roƙe shi don Allah don Annabi.

Ya ce, "Daure, mugun abun na ka hita."

Goggo Laure ce ta jiyo ta daga bayan zana. Ta shigo da gudu, ta ture shi, ta jawo Kulsumi waje, leɓunanta sun yi baƙi. Wallahi duk wanda ya gan ta ranar sai da ya yi hawaye. Aka sa ta a mota zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma ɗan da ke cikinta bai zo da rai ba. Namiji ne.

Daga asibiti iyayenta suka wuce da ita Ambursa. Dankure ya bi ta biko, ya durƙusa a zaure yana kuka. Ba ta fito ba. Sai ta aiko mahaifinta ya gaya masa.

Tsohon ya ce, "Ta ce ta yahe maka ɗan. Amma ta ce gidan da za ta ce tana mutuwa a ce mata daure, ba ta sake kwana cikinai."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Sabon kaya mai warin fenti ko roba ko magani, a shanya shi ya sha iska da rana kafin a sa shi inda ake kwana, musamman idan akwai wanda jikinsa ba ya ɗaukar wari. Idan mutum ya ce abu na cutar da shi, a yarda da shi, don shi ya san jikinsa. Mai yawan zargi kuwa yana can yana neman maƙiyi a waje, har ya cuci nasa da hannunsa. Allah Ya raba mu da mugun zato.