Manomin Doya Da Ya Watsar Da Accarsa

Akwai wani mutum manomin doya, ƙaƙƙarfa ne, in ya sunkuya da garma ba ya ɗaga kai sai rana ta raba tsaka. Abincin da ya fi so a duniya shi ne sakwara da miyar agushi, kuma in ya zauna a gabanta ba ya tashi sai ya sassauta mazagin wandonsa. Matarsa Liyatu ce kaɗai tare da shi a gida, gama ɗansu Gidiyon ya girma ya tafi birni.

Wata rana yana tada kunya sai garma ta shafe shi a babban yatsan ƙafa. Ɗan ƙanƙanen ciwo ne, ko tsayawa bai yi ba. Amma ciwon ya ƙi warkewa, har Liyatu ta matsa masa suka tafi asibiti. Likita ya gwada jininsa ya ce, "Baba, ciwon suga ne ya kama ka, shi ya hana yatsan nan warkewa. Ga magani, amma magani kaɗai ba zai isa ba. Ka rabu da sakwara da rake da lemon kwalba. Ka riƙe acca da wake da ganye. In ka kiyaye, ƙafarka tana nan. In ka ƙi, yanke ta za mu yi."

Mutumin ya ji tsoro ƙwarai, ya ce zai kiyaye.

To, duk wanda ya san acca ya san ba aikin raggo ba ce. Ƙwayarta ƙanana ne, ga yashi a cikinta, sai an surfa an sheƙe, sa'an nan a zauna da ƙorai biyu ana regewa har baya ya ƙage. Haka Liyatu take yi kowace rana ba tare da gunaguni ba. Da safe kunun acca, da rana faten acca da alayyafo, da yamma tuwon acca. Da fari mutumin yana ci yana sa mata albarka, ciwon kuma ya fara kamewa.

Amma da kwanaki suka yi yawa, acca ta ginshe shi. Ta fita masa a rai sarai. In aka buɗe kwano ya ga farin tuwon nan sai ya kau da kai. Ko warinta ya ji daga madafa, ransa ya ɓaci ke nan har dare. Abin da ya fi cin ransa kuwa shi ne turmin maƙwabta. Da yamma ta yi sai ya ji ana kirɓa sakwara a bayan katanga, dum, dum, dum, da irin doyar da shi da kansa ya ba su. Ga tasa doyar jibge a rumfa, shi kuwa an ce ko taɓawa kada ya yi. Sai ya cika ya yi fam, ya rasa wanda zai huce a kansa sai mai dafa masa abinci.

Ran nan, farkon damina ne, hadari ya haɗu a gabas, Liyatu ta ajiye masa kwano ta buɗe. Ya leƙa ya ce, "Acca kuma?"

Ta ce, "Baban Gidiyon, in ta ginshe ka, gobe sai in yi maka alale, ko in dafa wake da zogale."

Ya daka mata tsawa. "Wake! Zogale! Ni akuya ne? Haba! Ina noma doyar da gari yake ci, ke kuwa kin tsare ni a gidana kina ɗura mini yashi! Ke da likitan nan bakinku ɗaya, so kuke ku ga bayana!"

Ya sa ƙafa ya yi fatali da kwanon, tuwo ya tarwatse a ƙasa. Wannan bai ishe shi ba. Zuciya ta ɗebe shi, ya ɗingisa zuwa rumbu ya jawo buhun accar da ba a surfa ba tukuna. Liyatu ta bi shi ta durƙusa ta riƙe buhun, tana cewa, "Don Allah ka yi haƙuri, ita ke nan ta rage mana, har irin bana yana ciki." Ya fizge buhun, ya ja shi zuwa kangon filin da ke bayan gida. Ya riƙa ɗiba da hannu biyu yana watsarwa gabas da yamma, yana kumfar baki yana cewa, "Kaji su ci! Zabi su ci! Kada in sake ganin ƙwaya ɗaya a gidan nan!" Bai daina ba sai da ya kakkaɓe buhun. Yana juyawa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Kashegari ya ce ta kirɓa masa sakwara. Liyatu, wadda ba ta taɓa musa masa ba, ta ce, "Ba da hannuna ba, Baban Gidiyon." Ya ja tsaki ya nufi kasuwa, ya zauna a rumfar mai abinci, ya ci sakwara har ya sassauta mazagi, ya kora da lemo mai sanyi. Ya ce a ransa, "Yau na ci abincin mutane." Gobe ma ya koma, jibi ma haka. Magani kuwa ya jefa shi a ƙarƙashin gado.

Ba a daɗe ba yatsan ya buɗe ya fara wari. Ya ɓoye shi cikin takalmi yana zagin duk wanda ya tambaya. Daga yatsa baƙi ya hau tafin ƙafa, zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likita ya duba, ya girgiza kai. Aka yanke ƙafar daga sama da idon sawu.

Ya yi watanni a kwance. Da aka sallame shi ya komo gida yana dogara sanda, ya rame, kunya ta hana shi haɗa ido da matarsa. Ya tuna da buhun da ya kakkaɓe, ya ce a ransa, "Yanzu da nake bukatarta, ni da kaina na zubar." Da yamma Liyatu ta ajiye masa kwano ta buɗe, sai ga tuwon acca.

Ya ce, "Maman Gidiyon, ina kika samo?"

Ta kama shi suka zaga bayan gida a hankali. Kangon nan duka ya cika da acca, ta nuna ta sunkuyar da kai, an ma fara yankan gefe guda.

Ya ce, "Wa ya shuka wannan?"

Ta ce, "Kai ne. Ai acca watsa ta ake yi. Ranar da ka zubar, ruwa ya sauko ya binne ta tun kaji ba su fito ba. Ni ciyawa kawai na riƙa cirewa in na dawo daga wurinka."

Mutumin ya dubi accar, ya dubi inda ƙafarsa take a dā, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ranar ya cinye tuwon tas.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Ciwon mutumin nan zunubi ne, wanda yakan fara da ɗan ƙanƙanen abu da ba ma tsayawa mu duba. Accar kuwa Maganar Allah ce da addu'a da biyayya ta yau da kullum. Ba zan ruɗe ku ba, abinci ɗaya kullum yana ginsa, kuma gajiya ba laifi ba ce. Da mutumin ya ce, "Na gaji, ki taimake ni," ai an riga an yi masa tayin alale. Laifinsa shi ne ya mai da gajiyarsa fushi, ya sauke shi a kan wadda take neman ceton ƙafarsa.

Kuma raina yana ɓaci, domin ina ganin wannan a cikinmu. Wani ya ce, "Kullum a tuba, kullum a gafarta, kullum a bar sha, mun gaji da ji!" Ya tashi ya tafi inda za a faɗa masa abin da kunnensa yake so. Wata uwarta ta tashe ta addu'ar safe, ta harare ta kamar abokiyar gaba. Tir da wannan hali! Wanda yake maimaita maka gaskiya har ka ƙosa, shi ne yake zaune da ƙorai biyu yana rege maka yashi, kai kuwa kana harbin kwanonsa.

Ruwan da ya binne accar jinƙan Ubangiji ne. Maganar da ka watsar cikin fushi, yana iya sa ta tsiro ta jira ka a bayan gida har ranar da za ka komo. Amma kada kowa ya fita daga nan yana cewa, "Bari in je in ci sakwarata, ai akwai jinƙai." Ku tuna yadda mutumin nan ya je ganin gonar: a kan sanda ya je. Accar ta tsiro, 'yan'uwana, amma ƙafar ba ta tsiro ba.