Jinin da Shehi ya tsare wa Munira

Da na komo Diffa daga haƙar zinariya a Jado, ban tarar da garin da na bari ba. An hana hawan babur, gonakin tattasai na bakin Komadugu sun koma saura, bukkokin 'yan gudun hijira sun jeru a gefen kwalta, ɗakina ma Iya ta ba wata mata daga hayin kogi, Mariyama, ita da 'yarta Munira, wadda mahara suka kashe wa uba. Abu guda ne bai sake ba: Shehinmu, gwanin Alƙur'ani, kogin fiƙihu, ma'abocin tsantseni da zuhudu, Allah ya ƙara masa yarda, yana nan kan buzunsa yana biya wa dattawa karatu da muryar da ba ta taɓa ɗaguwa a kan kowa ba.

Ban jima ba kwanan zaure ya ishe ni, ƙafar yawo ta motsa. Na ɗaure kaya, na je sallama. Shehi ya dube ni, ya ce, "Kyari, kwance kayanka tukuna. Ka ci ka ƙoshi. Za a nemi jininka a gidanku."

A Diffa ta wannan zamani, in an ambaci jini ba alheri ke zuwa zuciya ba. Ya ga na razana, ya yi murmushi: "Ba na zubarwa ba ne, ɗana."

Na koma gida na tarar kowa lafiya, Munira na tsalle tana yi mini tsiya, wai Kawu mai zaure ya fasa tafiya don tsoron mota.

Mako bai zagayo ba masassara ta kwantar da ita. Uwarta ta yi ta ba ta jiƙo, har ranar da Iya ta buɗe tafin hannun yarinyar, ta ja fatar idonta ƙasa, ta ga fari fat kamar auduga. Muka ɗauke ta sai asibiti.

Likita ya ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro. Ya bayyana mana cewa ƙwayar cutar da sauro ke zubawa takan fara sauka a hanta ta hayayyafa, sannan ta kutsa cikin jajayen ƙwayoyin jini kamar yadda ƙwaro ke shiga wake, ta cinye abin da ke ciki, ta fasa ta fito da 'ya'yanta su faɗa wa wasu, kuma kowace fashewa ita ce rawar sanyin nan da muke gani. Ya ce, "Magani akwai, amma jininta ya ƙare, jini kuwa dangi ke kawowa. Ina danginta?"

Mariyama ta sunkuyar da kai. "Likita, ni kaɗai ce."

Aka gwada nata, bai isa a ɗiba ba. Aka gwada na maƙwabta, bai dace ba. Sai maganar Shehi ta faɗo mini, na miƙa hannu. Nawa ya dace, subhanallahi! Ina zaune ina kallo yana ɗiga cikin hannunta, har leɓɓanta suka soma ja. Washegari ta buɗe ido ta ce a sayo mata ƙosai.

Na je na durƙusa gaban Shehi ina kuka, ina tambayar yadda ya sani. Ya ce, "Allah ne masani. Ka sayo mata gidan sauro kafin ka tafi."

Na sayo, na ɗaura mata da hannuna. Yanzu ga ni ina sake haɗa kaya, motar Agadas na jira a tasha, ina jin Mariyama a tsakar gida tana ce wa yarinyar, "In an sake tambayar danginki, ki ce Kyari."

Ya Allah, ka ɗaukaka darajar wannan bawa naka, ka tsawaita kwanansa cikin ɗa'a, ka sa albarkarsa ta bi ni hanya, ta kuma zauna a gidan nan tare da 'yata Munira. Amin.