Albasar Tsauni a Lambun Sarki Jatau

A zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda tsufa ya cinye masa sa'o'insa kaf, sai mutum ɗaya, Waziri Cindo. Shi Waziri mutumin kan tsauni ne, tun yana saurayi aka sauko da shi fada. Da ƙarfinsa ya ƙare, ya roƙi a sallame shi ya je ya ƙarasa kwanansa a garinsu. Sarki ya ce, "Kul na sake jin wannan magana. Me ka rasa a nan?" Gaskiyar ita ce tsoron kaɗaici yake ji, amma sarki ba ya faɗin haka a gaban fadawa.

Waziri bai yi musu ba. Ya aika aka tono masa wata 'yar albasar daji daga tsauninsu, ya kai gaban Sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga baƙuwa. Furenta ruwan shuni ne mai ratsin ɗorawa, kunnuwa uku a miƙe, uku a sunkuye. In ta yi fure a lambunka, na bar zancen tafiya har abada."

Sarki ya yi murna, yana ganin an gama. To, al'adar gidan ita ce baƙon sarki ba ya yini da ƙishi, ko da itace ne. Aka dasa ta a inuwa cikin baƙar ƙasa mai taki, bayi suna ta ɗura mata ruwa safe da yamma, a tsakiyar rani. Shiru, ko tsiro babu. Da Sarki ya gaji da jira ya sa aka tona, sai ga ta ta ruɓe, tana wari.

Ya ce, "Waziri, me muka rage ta da shi?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a rage ta da komai ba, yawan alherin ne ya kashe ta. A gangaren dutse take zama, cikin tsakuwa, inda ruwa ba ya kwanciya. Duk rani barci take yi a busasshiyar ƙasa, rana na gasa ta, sai ruwan farko ya tashe ta."

Sarki ya daɗe yana duban Waziri, ya ga yadda rigarsa ta yi masa yawa, ya ga idanunsa sun faɗa. Hawaye ya zubo wa Sarki, bai ɓoye ba. Ya ce, "Ashe haka nake yi maka. Je ka, na sallame ka."

Da kansa ya raka shi har gindin tsauni, ya tsaya har ya daina hango rawaninsa. A hanyar komowa ya ga wani abin dariya a kasuwa, ya juya dama zai ce, "Waziri, ka gani?" Sai ya tarar da dogari.