Turaku Uku a Bakin Mashiga

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ɗaya daga cikin tsibiranmu na kudu. Ba zan kama sunansa ba, danginsa suna nan da rai. Shekarar zaɓen kansiloli ce, garinsu ya dare gida biyu, masu shuɗiyar tuta da masu ruwan goro, har ta kai maƙwabci ya daina aika wa maƙwabcinsa romon kifi.

Mutumin nan ɗan shuɗiya ne, shi ke jan yaƙin neman zaɓensu. Ya duba ya ga nasara tasu ce, muddin mutum ashirin da ke aiki a otal ɗin baƙi a wani tsibiri ba su iso ba. Dukansu 'yan ruwan goro ne, kuma jirgin ruwa ɗaya zai kawo su ranar Asabar, ranar zaɓe.

Kun dai san yadda ake shiga garuruwanmu. Dutsen murjani ya kewaye tsibiri a ƙarƙashin ruwa, mashiga ɗaya ce siririya, turaku uku ke nuna ta. Ranar Juma'a, liman yana kan mumbari, maza duk suna masallaci, mutumin nan ya tura kwale-kwale. Ya tumɓuke turakun, ya matsar da su gabas kamar taku talatin, ya kafa su a kan dutse. Ya ce wa ransa ai ba kisa zai yi ba, jirgi ne zai kafe, su wuni a kai har a rufe akwatin zaɓe.

Ya manta wanda ke riƙe da jirgin. Tsoho Kuda Musa bai taɓa kallon turke ba, launin ruwa yake karantawa. Ya shigo da mutanensa lafiya lau. Yana ɗaure igiya yana cewa, "Kai jama'a, wane makaho ya kafa turakun nan? Ko su ma sun sauya sheƙa ne?" Aka kwashe da dariya. Mutumin nan ya taya su dariyar.

'Yan ruwan goro suka ci da ƙuri'a huɗu, 'yan shuɗiya suka garzaya kotu. Wata biyar gari babu majalisa. Turakun fa? Waɗannan suka ce, "Ku da kuka ci, ku gyara." Waɗancan suka ce, "Ku janye ƙara tukuna." Masuntan gari sun san hanya da ka, ba wanda ya damu.

Shi kaɗai tsoro ya kama. Da ya ji ƙarar inji daga teku sai ya miƙe ya leƙa ko baƙo ne. To me ya hana shi mayar da su? Jam'iyyarsa ta hana taɓa aikin majalisa sai kotu ta yi magana. In ya gyara, nasa za su ce ya ci amana, abokan hamayya su ce, "Kai me ya dame ka da turakun nan?" Ya ji tsoron tambayar mutane, bai ji tsoron tambayar kabari ba.

Matarsa Sobira ta ce, "Wai me ke cin ka ne? Ka bar abinci, ka sa teku a gaba kamar mai jiran gawa."

Ya ce, "Ciwon kai ne kawai."

Wata safiya naƙuda ta kama 'yarsa Mizna, jini ya ɓalle. Malamar asibiti ta ce sai an tsallaka da ita babban asibiti, yanzu-yanzu. Jiragen gari duk sun tafi kamun kifi. Aka kira jirgin asibiti mai gudu. Direbansa baƙo ne, sabon zuwa daga arewa, kuma kowa ya ɗauka wani ya gaya masa zancen turaku.

Aka ɗauko Mizna a kan katifa zuwa bakin gaɓa. Ruwa ya cika, iska ta dagula launinsa. Uban ya hango jirgin ya nufo turakun a guje. Ya faɗa ruwa har ƙirji, yana ɗaga hannu yana ihu: "Ba nan ba ne! Ku tsayar da shi! Ni na matsar da su! Ni ne, ranar Juma'a!"

Duk gari ya ji. Direban ne kaɗai bai ji ba.

Jirgi ya daki dutse ya kife. Direba, bawan Allah da bai san shuɗiya ba bai san ruwan goro ba, aka tsamo gawarsa. Kafin wani jirgi ya iso, Mizna ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Sobira ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Wata biyar muna cin abinci kwano ɗaya, kuma ka sani." 'Yan sanda suka tafi da shi kafin a yi wankan gawa.

Ya 'yan uwa, ina jin tsoro, a kaina da kanku. Zunubin da ya aikata na rabin awa ne, amma an ba shi wata biyar na tuba, kullum yana cewa gobe. Wa ke cikinmu bai taɓa karkatar da wani abu ba saboda kujerar wani? Ƙarya, ƙazafi, shaidar zur. Yana nan inda ka kafa shi, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai bi ta kai ba. Tashi ka gyara yau, ko mutane za su tambaya.

Allah ya kiyaye mu da tubar da ke zuwa bayan jirgi ya taso. Amin.