Gorar Cindo

A zamanin da, can da nisa, an yi wani Sarki a bakin teku, ɗa guda Allah ya ba shi, Yarima Mamuda. Wata rana Yarima ya shiga jirgin wani masunci mai suna Cindo don ya sha iska. Rana ta faɗi ba su komo ba, wata ya mutu, shekara ta zagayo, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Baƙin ciki mugun abokin shawara ne. Sarki ya ce Cindo ne ya kashe masa ɗa ya gudu. Ya sa aka ƙone jirage, aka kori masunta kaf, aka yi shela duk danginsu da aka gani a ƙasar a bakin ransa.

Bayan shekara uku teku ta amayo wani abu baƙi ƙirin, girmansa kamar randa, katantanwa ta manne masa ko'ina, ga wani ruɓaɓɓen tsumma a wuyansa. Aka kai shi fada. Malamai suka ce ƙwan wani tsuntsu ne na ƙarshen duniya. Fatake suka ce turare ne, aka sansana aka ji ƙarni. Abin da ɗan masunci mai rarrafe zai sani, ga manyan rawuna sun kasa, don waɗanda suka san shi an kore su.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun gaji da masu magana. A ajiye shi bakin kasuwa, mu ga wanda zai yi shiru."

Haka aka yi. Kowa ya zo ya tofa albarkacin bakinsa, sai wata tsohuwa mai daddawa, Tabawa, ta dube shi sau ɗaya, faifanta ya suɓuce, ta juya ko tsince kayanta ba ta yi ba. Dogarai suka kawo ta gaban Sarki.

Waziri ya ce, "Iya, kin san shi."

Ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. In na faɗa kuma kaina ne. To, a sare, me na ajiye a duniya? Gora ce, wadda masunci ke kifa ciki a kai ruwa ya ɗauke shi. A kankare nan." Aka kankare, sai ga ɗinki da danƙo. "Ni na ɗinke ta da ta tsage. Ni na haifi Cindo."

Sarki ya ce, "Ina ya gudu?"

"Zaki, masunci ba ya sakin gorarsa da rai. Amma dubi tsumman nan."

Sarki ya duba. Rawanin Yarima ne, ya gane saƙar.

Ta ce, "Ƙullin irin namu ne, ɗan sarki bai iya shi ba. Jirgi ya kife, gora ɗaya, mutum biyu. Ɗana ya ɗaure ɗanka a kai, shi ya saki."

Sarki ya ce, "To, ina ɗana?"

Ta ɗaga zagayen rawanin inda aka ɗaure Yarima, ta zura hannu ciki. Babu kowa.

Ranar Sarki ya yi kuka gaban talakawansa, ba wanda ya ga laifinsa. Ya janye dokar, ya aika a kira masunta, waɗanda yunwa ta rage suka komo. Ya sa aka zaga kasuwa ana shelar Cindo ba maci amana ba ne. Ya ce wa Tabawa ta roƙi abin da take so.

Ta ce, "Abin da nake so yana ƙarƙashin ruwa, tare da naka."

Aka haƙa rami a bakin teku, aka binne gorar da rawanin yadda suke, don Sarki ya hana a kwance ƙullin. Shi da tsohuwar suka tsaya a kan kabari guda har rana ta faɗi.